Tsargiya, ciwon daji da farillar da ke kan mutanen Haɗeja

Kowa ya san likita, domin kuwa babu gidan da bai taɓa kai wani nasa gabansa ba; kowa ya san ungozoma da mai ba da magani da malamin asibiti mai yin allura; amma akwai wani ma'aikaci a bayan waɗannan duka wanda jama'armu ba su cika sanin da zamansa ba, alhali kuwa duk ƙwayar maganin da likita ya rubuta, da duk ruwan da aka ɗura wa majinyaci, daga hannunsa suka fito tun da fari. Wannan shi ne mai bincike, mutumin da zai shiga ɗakin gwaji yana saurayi ya fito da furfura, yana bin diddigin mas'ala guda, watau abin da ke sa wata ƙwaya daga cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam ta fanɗare, ta ƙi bin ƙa'idar da Mahalicci ya ɗora 'yan'uwanta a kai, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa har ta zama ƙari, ƙarin kuma ya zama ciwon daji. Ra'ayin da nake so in kafa wa hujja shi ne, lokaci ya yi da ƙasar Haɗeja za ta reni irin wannan mutum daga cikin 'ya'yanta, ta ɗauki nauyinsa shekara da shekaru, ta kuma ɗora shi a kan ciwon dajin da ruwan kwarinta yake jawowa, domin in ba ita ta yi wa kanta ba, babu alamar wani zai taso daga nesa ya yi mata.

Ba za a gane dalilin wannan magana ba sai an san yadda ilmin maganin ciwon daji ya sauya a zamaninmu. A da makaman likita uku ne, watau wuƙar fiɗa, da na'urar gashi, da magungunan nan masu ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, waɗanda ke kashe duk ƙwayar da take saurin hayayyafa, mai cuta da mai lafiya baki ɗaya, shi ya sa za ka ga gashin majinyaci ya zube, bakinsa ya yi gyambo, jininsa ya ragu. Har gobe ana aiki da su, kuma sun zama sanadin tsirar rayuka masu yawa. Sai dai masana sun daɗe suna tambayar kansu ko akwai wata kafa ta musamman da ƙarin yake rayuwa ta cikinta, wadda lafiyayyen jiki bai dogara da ita ba, ta yadda in aka toshe ta ƙarin zai mutu, mai shi ya saura. Duk wanda ya yi noman rani a Auyo zai gane misalin nan take: in ƙofar ruwa guda ta maƙale a buɗe, ruwa ya yi ta kwarara yana cinye shuka, mai hankali ba ya tafiya ya datse kogin ɗungurungum, sai ya bi magudana ɗaya bayan ɗaya har ya gano ƙofar da ta lalace ya rufe ta. Neman wannan ƙofa a cikin kowane irin ƙari shi ne aikin mai binciken da nake nufi.

Bari mu ga tsawon lokacin da irin wannan nema yake ci. A shekarar 1960 wasu masana biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura a ƙarƙashin madubin likita cewa masu fama da wani nau'in ciwon dajin jini suna da zare guda, daga cikin zaruruwan gadon da ke cikin ƙwayoyin jininsu, wanda ya gajarce fiye da ƙa'ida. Suka rubuta abin da idonsu ya gani, ba tare da sun san fassararsa ba. Aka yi shekara 13 a haka, sai a 1973 wata likita ta Jami'ar Shikago, Janet Rowley, uwar 'ya'ya huɗu, wadda takan yanka hotunan zaruruwan nan da almakashi ta jera su a kan teburin cin abincin gidanta tana kwatanta wannan da wancan, ta gano cewa musayar guntaye ce ta auku tsakanin zare na 9 da na 22. Waɗanda suka biyo bayanta suka tabbatar da cewa a daidai mahaɗar guntayen nan biyu ake samun wani umarni gurɓatacce da ke sa ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa dare da rana. Sa'an nan wani likita, Brian Druker, tare da masu harhaɗa magani na wani kamfanin ƙasar Suwizalan, suka jarraba ƙwayar da za ta kashe wannan umarni shi kaɗai, aka yarda da ita a 2001, ita ce ake sayarwa da sunan Glivec. Daga ganin farko zuwa magani shekara 41 ke nan. Cutar da a da take ɗauke mutum cikin 'yan shekaru ta koma wadda mafi yawan masu ita suke rayuwa da ita har tsufa, in dai suna haɗiyar ƙwayarsu kullum. Kuma tun 2003 ake ba da wannan magani kyauta ga 'yan Nijeriya a asibitin koyarwa na Ile-Ife, inda majinyata daga Arewa suke niƙa gari su je karɓa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Magani irin wannan ba ya aiki sai a kan ƙarin da ke da ainihin lahanin da aka yi shi dominsa, kuma ba a sanin lahanin sai an ɗauki naman ƙarin an bincika. Wanda aka bincika nasa shi ake yi wa magani, wanda kuwa ba a taɓa duba nasa ba sai dai ya sha na wani, in ya dace falillahil hamdu. Wata 'yar ƙasarmu ta nuna wa duniya haka a fili. Olufunmilayo Olopade ta gama karatun likita a Ibadan a 1980, ta tafi Shikago ta zauna a gaban Janet Rowley ɗin nan ta ɗauki ilmi, sa'an nan ta juyo da himmarta kan sankarar mama ta matan Afirka ta Yamma. Ita da abokan aikinta suka tattara naman ƙari daga asibitocin Nijeriya da Senegal, suka tarar cewa kaso mai yawa na sankarar matanmu ba ta da kafar da sanannun magungunan Turai suke bi su kama ta, tana kuma zuwa wa mace da ƙuruciya fiye da yadda take zuwa wa Baturiya. Ashe likita zai iya rubuta magani mai tsada da kyakkyawar niyya, dangi su sayar da gona su saya, alhali ƙarin da ke jikin 'yarsu ba shi da abin da maganin zai kama.

Yanzu mu dawo gida. Allah ya yi wa ƙasar Haɗeja ni'imar ruwa wadda maƙwabtanta da yawa ba su samu ba: kogin da ya taso daga ƙasar Kano ya ratso ta Auyo da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri da dausayin Baturiya kafin ya nufi Nguru da Gashuwa, shi ne ya ba mu shinkafa da alkama da tattasai, ya ba mu tarwaɗa da karfasa da bandar da ake lodi daga kasuwar kifin Haɗeja zuwa kudancin ƙasar nan. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, aka kuma gina shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗeja, ɗabi'ar kogin ta sauya, domin ruwan da a da yake zuwa da ƙarfi da damina ya janye da rani ya koma mai tafiya a hankali duk shekara, kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, kamar yadda kowane masunci da manomi zai ba ka labari. Ruwa mai kwanciya da ciyawa a cikinsa kuwa shi ne gidan wata 'yar katantanwa wadda ba ta kai kan ɗan yatsa ba, ita ce kuma mai renon tsutsar tsargiya. Cutar ta riga madatsun zuwa, wannan gaskiya ne, amma duk ƙasar da aka tsayar da ruwa aka yi magudanan ban-ruwa, daga Masar har Senegal, an ga yadda take ƙara samun gindin zama.

Ka tsaya a bakin wata magudana da tsakar rana a watan bazara ka gani. Yara maza sun tuɓe sun yi tsalle sun faɗa, wata yarinya tana wanke kwanuka ruwa ya kai mata gwiwa, wani magidanci ya naɗe wando yana dasa shinkafa, masunci yana jan koma tun asuba. 'Ya'yan tsutsar da suka fito daga katantanwa suna iyo a cikin ruwan nan, ido ba ya ganinsu, su huda fata cikin 'yan mintoci ba tare da an ji komai ba sai ɗan ƙaiƙayi, su bi jini su girma, namiji da mace su manne da juna su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, inda macen za ta yi ta zuba ƙwai ɗaruruwa kowace rana har tsawon shekaru. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa. Waɗansu su keta bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ne jinin da yaro yake gani a ɗigon ƙarshe; in ya yi fitsarin a ruwa su koma ga katantanwa, zagayen ya sake. Waɗansu kuwa su maƙale a cikin naman, jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya kumbura ya warke ya sake kumbura. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ido ya saba da abin, har a wurare da dama ana ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji kamar wata alama ce ta balaga, ba a kai shi asibiti, ba a ko ambata wa mahaifinsa.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. A 1911 wani masanin cututtuka a birnin, A. R. Ferguson, ya bayyana cewa akwai alaƙa tsakaninta da ciwon dajin mafitsara da ya yi yawa a cikin manoman Masar, kuma a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa wannan tsutsa a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Yadda abin yake faruwa shi ne, shimfiɗar cikin mafitsara, saboda daɗewar gyambo da ƙwayoyin cutar da suke samun mafaka a wurin, sai ta sauya kama ta yi kauri ta koma kamar fatar waje, daga cikin wannan sauyayyar shimfiɗa kuma ƙarin yake tsirowa bayan shekara 20 ko 30. Ba kowane mai tsargiya ne yake kaiwa ga haka ba, kaɗan ne daga cikinsu. Amma kaɗan daga cikin dubban dubata ba ƙaramin adadi ba ne. Yakan kuma sami mutum yana ɗan shekara 40 ko 50, lokacin da gida ya fi bukatarsa, saɓanin ƙasashen Turai inda ciwon dajin mafitsara ya fi zama cutar tsofaffi masu shan taba.

A nan ne hujjata take. A Turai da Amurka kusan 9 cikin 10 na ciwon dajin mafitsara nau'i guda ne, wanda ke tasowa daga shimfiɗar mafitsara ta asali, kuma a kansa aka zuba dukiya da ilmi, har aka gano kafofinsa, har a 2019 aka fito da ƙwayar da ke toshe ɗaya daga cikinsu. Namu kuwa wancan nau'in ne mai kama da fata, wanda nazarin da likitocin Kano da na Sakkwato suka yi a kan naman da aka kawo musu a shekarun baya ya nuna ya haura rabin abin da suke gani. Wannan nau'i ba ya jin maganin jijiya sosai, ba ya jin gashi sosai, babban abin da ake yi masa shi ne a cire mafitsarar gaba ɗaya, in an zo da wuri. Mafi yawan mutanenmu kuwa ba sa zuwa sai fitsari ya fara fita da gudajin jini da tsokar nama, ciwo ya hana barci, an gama zagayen masu magani. Kamfanin da ke Basel ko Bostan ba zai kashe miliyoyin daloli a kan ƙarin masuncin Guri ba, ba kuwa don ƙeta ba, sai don babu kasuwa a wurin, babu kuma naman da aka adana aka rubuta tarihinsa wanda zai yi bincike a kai ko da ya so.

Na san abin da mai hankali zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce jihar da har yanzu take fama da zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa da tamowa, ina ita ina ɗakin binciken zaruruwan gado? A ba mutane ruwan famfo da masai, a raba wa 'yan makaranta maganin tsargiya, cutar ta mutu tun daga tushe. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, har ma ina ƙarawa da cewa shi ne na farko. Maganin tsargiya, wanda ake kira Praziquantel, ƙwaya ce mai araha da ake auna wa yaro da sandar gwada tsayi, kyauta ake samo ta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma duk uban da ya hana ɗansa sha ranar da aka kawo makaranta ya zalunce shi. Haka rigakafin ciwon hanta da aka sa cikin alluran jarirai a 2004, wanda ke kare su daga ciwon dajin hanta in sun girma, da rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, Jigawa tana cikin jihohin farko. Masar ma da ta rage tsargiya, sai likitocinta suka ga nau'in nan mai kama da fata yana ja da baya a asibitocinsu. Amma fa maganin yana kashe tsutsa ne, ba ya mayar da mafitsarar da ta yi shekara 30 tana gyambo yadda take. Ko da yau aka kawar da tsargiya daga kwarin nan kaf, akwai magidanta da matan aure da suka riga suka ɗauko abin tun suna yara, waɗanda za su yi ta zuwa asibiti har nan da shekara 30 masu zuwa. Waɗannan su ma bayin Allah ne masu haƙƙi a kanmu.

Sa'an nan shi kansa rigakafin yana bukatar mai bincike, domin ba a yaƙi da abin da ba a ƙidaya ba. Ƙiyasin hukumar Liyon na shekarar 2022 ya ce mutum kusan 128,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, amma an gina wannan lissafi ne a kan rajistar masu ciwon daji ta 'yan birane kaɗan, irin su Ibadan, wadda ta buɗe tata tun 1960, da Abuja da Kalaba. Mutumin Birniwa da ya rasu a ɗakinsa aka ce ciwon mara ne ko sammu, ba ya cikin lissafin kowa.

Kada kuma a ce abin ya fi ƙarfin garin da ba babban birni ba. Mansura gari ne na Masar a tsakiyar ƙasar manoma a bakin kogin Nilu, mai magudanan ban-ruwa da tsargiya irin namu. Wani likitan mafitsara na jami'ar garin, Muhammad Ghoneim, ya zauna a nan ya yi dashen ƙoda na farko a Masar a 1976, ya yi ta fafutuka har aka buɗe cibiyar cututtukan ƙoda da mafitsara a 1983, inda aka riƙa yi wa talakawa aiki ana rubuta tarihin kowane majinyaci ana bibiyarsa shekara da shekaru, har ta kai duk likitan duniya da ke son sanin ciwon dajin da tsargiya ke jawowa sai ya karanta abin da aka rubuta a Mansura. Mai karatu ɗan Haɗeja ba ya bukatar a tuna masa cewa ƙoda da mafitsara su ne daidai inda ciwo yake ci mana tuwo a ƙwarya, tun da ya san yawan gidajen da ke da mai zuwa wankin ƙoda. Kusa da mu ma, maƙwabtanmu na Yobe, waɗanda muke shan kogi ɗaya da su, sun buɗe cibiyar binciken kimiyyar lafiya a jami'ar jiharsu da ke Damaturu a 2021, bisa jagorancin ɗansu Mahmoud Bukar Maina wanda ya yi suna a Jami'ar Sussex ta Ingila, suka kuma ɗora ta a kan binciken ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da kewayenta. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai Mansurah Abdulazeez, wadda ta daɗe tana gwada tsirranmu, har da zogale, a kan ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji. Wannan hanya ce mai asali, domin ɗaya daga cikin manyan magungunan ciwon dajin yara daga wani furen tsibirin Madagaska aka samo shi. Sai dai ina gargaɗin mai karatu da babbar murya cewa abin da ya kashe ƙwaya a cikin kwalba bai zama magani ba tukuna, kuma masu shela a kasuwa da rediyo cewa suna warkar da ciwon daji da jiƙo suna cinye wa majinyaci watannin da likita zai iya cetonsa a cikinsu.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ilmin likitanci farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari to al'umma duka ta shiga laifi; Imamu Gazali ya yi kuka a zamaninsa da yadda ɗalibai suka yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu suka bar garuruwa babu likita Musulmi. Zahrawi na Andalus ya yi bayanin yanke ciwon daji tun yana ƙarami shekara dubu da suka wuce, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya sami lokacin wallafa littattafai a kan ciwon ido da basur. In likitanci farilla ne, to abin da likitanci ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama farilla, bisa ƙa'idar da kowane ɗalibin usulu ya sani. Tawakkali kuma bai taɓa hana neman sababi ba. Ni a ganina, al'ummar da Allah ya jarrabe ta da wata cuta ta musamman, ya kuma ba ta 'ya'ya masu basira da attajirai masu hali, ita ce farillar binciken wannan cuta ta fi hawa kanta.

Mene ne renon mai bincike yake bukata? Da farko haƙuri, kuma haƙurin iyaye ya fi na kowa wuya. Yaron da ya gama karatun likita ko kimiyyar sinadaran jiki a Dutse ko Kafin Hausa ko Kano, dangi suna jiran ya fara kawo buhun shinkafa, sai ya ce zai ƙara shekara biyar ko bakwai yana koyon duba nama a madubi, abokansa sun yi mota shi yana kan babur. In ba a sami wanda ya tsaya masa ba zai bari, ko kuwa ya tafi Saudiyya ko Ingila ya yi wa wasu aikin. Na biyu kayan aiki, waɗanda farkonsu ba su kai tsadar da ake zato ba. Ɗan naman da likitan fiɗa ya yanko, wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ana jefa shi cikin ruwan da ke hana shi ruɓa, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a fere shi siriri fiye da fatar albasa, a shimfiɗa a gilashi a rina shi shuɗi da ja-ja, sa'an nan masani ya sunkuya a kan madubi ya ga ƙwayayen tsargiya da tsininsu a kwance cikin ƙarin. Wannan ɗan dunƙulen kaki, in an rubuta masa lamba da shekarun mai shi da garinsu da sana'arsa da abin da ya same shi daga baya, zai yi shekaru a kan kanta bai lalace ba, kuma dunƙule ɗari biyar irinsa dukiya ce da manyan jami'o'in duniya za su zo neman haɗin gwiwa saboda ita, mu ne kuma za mu gindaya sharaɗi. Abin da ya wuce wannan, kamar firjin da ke daskarar da nama da na'urar karanta zaruruwan gado, yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, hasken rana kuwa ba mu rasa shi ba.

Na uku amana. Naman jikin mutum ba kayan banza ba ne, ba a ɗaukarsa sai da izninsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, ba a fallasa sunansa, ba a fitar da shi waje a ɓoye. Arewa ba ta manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin gwajin maganin sanƙarau a kan yara, da irin ɓarnar da ya yi wa yardar jama'a har ta shafi rigakafin shan inna. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake son mai binciken ya zama ɗan gida, wanda aka san gidan ubansa, wanda zai haɗu da majinyatansa a masallacin Juma'a da wurin jana'iza. Kuma lalle a sa 'ya'ya mata a ciki, domin tsargiya tana taɓa mahaifa da al'aurar mace, akwai kuma abin da matar ƙauye ba za ta taɓa buɗe baki ta gaya wa namiji ba.

Kuɗin gwamnati yana zuwa yana tafiya da zaɓe, aikin shekara 40 kuwa ba ya rayuwa a kan kasafin shekara guda. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, wadda aka sa hannu a dokarta a 2017, akwai kuma asusun TETFund da ke tallafa wa binciken jami'o'i, sai a nemi rabonmu a can da takardu masu kyau. Amma abin da zai ɗore shi ne waƙafi, hanyar da Musulmi suka bi suka riƙe asibitocin Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira ɗaruruwan shekaru. Attajirin da ya tsayar da rumfunan kasuwa goma ko gonar shinkafa guda ya ce amfaninsu na albashin mai bincike ne da karatun ɗalibansa har abada, ya yi sadaka mai gudana wadda ba ta gaza gina masallaci na biyar a unguwar da ke da huɗu ba.

Saboda haka ina kira ga Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, da majalisarsa, su jagoranci kafa wannan waƙafi. Ina kira ga gwamnatin Jigawa ta buɗe rajistar ciwon daji a Babban Asibitin Haɗeja, ta sa mata ma'aikaci na dindindin, ta haɗa ta da masu duba nama na asibitocin koyarwa na Dutse da Kano. Ina kira ga ƙananan hukumomi takwas na masarautar su zaɓi ɗalibai masu hazaƙa, maza da mata, a tura su koyon wannan fanni da alkawarin za su dawo, a kuma tanadar musu wurin da za su dawo su tarar. Kai kuma mai karatu, in ɗanka yana fitsarin jini kai shi a ba shi magani a makon nan. In kuwa kai ne, ka haura shekara 40 ka ga jini ko sau ɗaya, kada ka jira ya yi ciwo, je ka asibiti ka nemi a duba mafitsararka, in likita ya nemi izninka ya adana ɗan naman da ya yanko domin bincike, ka tambaye shi duk abin da kake son sani, sa'an nan ka ba shi.